Matattun Layuka a Cikin Inji: Darasin Kanel ga Masana'antun Sharaɗa, Challawa da Bompai

Duk wanda ya shiga Sharaɗa ko Challawa ko Bompai, ƙarfe idonsa zai fara gani: manyan janareto, injinan narka roba, gangunan jima masu juyawa da fatu a ciki, tireloli a bakin ƙofa. Ba kasafai hankali ke kai wa ga ƙananan kwamfutocin da suka cika waɗannan wurare ba. Suna nan a cikin allon da ma'aikaci ke latsawa don saita zafin inji, da akwatin da ke naɗar hotunan kyamarorin tsaro, da rautar da ke raba intanet a ofishin manaja, da na'urar POS ta mai karɓar kuɗi, da wayar da ke aljihun kowane lebura. Duk wayar Android, da mafi yawan rautoci da akwatunan naɗar hoto na yau, abu guda ne ke zaune a gindinsu, wato kanel ɗin Linux.

Kanel shi ne ɓangaren manhaja da ke magana kai tsaye da ƙarfen na'ura. Shi ke raba wa kowane aiki lokacinsa, shi ke rabon ƙwaƙwalwa, shi ke karɓar saƙo daga maɓalli ya miƙa wa allo. In ya samu tangarɗa, duk abin da ke kansa ya tsaya. Saboda haka akwai wani aiki da masu gina shi suka shafe shekaru suna yi ba tare da hayaniya ba: taimaka wa manhajar da ke fassara rubutunsu ta gane layukan da na'ura ba za ta taɓa bi ta kansu ba, ta zubar da su kafin su shiga cikin inji. Aikin na ƙasashen waje ne a asali, amma amfaninsa da haɗarinsa suna nan zaune a cikin masana'antun Kano.

Layi miliyan 40, ƙwaƙwalwa 'yar kaɗan

Ranar 25 ga Agustan 1991 wani ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya sanar cewa yana rubuta kanel. Fitowar farko layi dubu 10 ne da 'yan kai. A farkon 2025 rubutun ya haye layi miliyan 40, kuma duk bayan mako tara ko goma ana fitar da sabo, da hannun masu rubutu kusan dubu 2 a kowane zagaye.

Wannan girma yana da dalili. Rubutu guda ne ke ɗauke da umarnin manyan kwamfutocin bincike, da na wayar itel, da na rautar da ba ta kai tafin hannu ba. Fiye da rabinsa direbobi ne, wato ƙananan manhajojin da ke koya wa kanel yadda zai yi magana da wani kati, ko firinta, ko kyamara. Na'urar da ke lura da zafin inji a Sharaɗa ba ta buƙatar direban katin sauti, ba ta buƙatar na tauraron ɗan'adam. Ɗan ƙaramin kaso na wannan rubutu ne ya shafe ta.

Wurin ajiya kuwa ba shi da yawa. Shekaru da dama ana sayar da rautoci masu wurin ajiya megabait 4 da ƙwaƙwalwar aiki megabait 32. Masu aikin OpenWrt, waɗanda ke gina Linux don rautoci, sun daina tallafa wa irin waɗannan bayan fitowar 19.07, domin sabon kanel da kayan tsaronsa sun daina shiga cikinsu yadda ya kamata. Rautar da ranta, wutarta na kamawa, amma ba ta da wurin karɓar gyara. Kowane kilobait da mataccen rubutu ya cinye, wuri ne da gyaran tsaro ya rasa.

Matakin farko na rage kaya shi ne zaɓi. Kanel yana da tsarin da ake kira Kconfig, mai ɗauke da zaɓuɓɓuka fiye da dubu 10. Mai gina na'ura zai bi ya ce ina son wannan, ba na son wancan. Sai dai zaɓi kawai ba ya wadatarwa, domin sassan rubutun a saƙe suke da juna. Aiki ɗaya yakan ɗauki layi biyar da suka shafi kowa, da layi uku da suka shafi wanda ya kunna wani zaɓi kaɗai. Tambayar ita ce wa zai tsince ukun nan.

Abin da kwamfaila ta iya da wanda ba ta iya ba

An rubuta kusan duk kanel da harshen C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙira a ɗakin binciken Bell a farkon shekarun 1970. Inji ba ya jin wannan harshe. Akwai manhajar da ake kira kwamfaila, ita ce tafintar da ke juya rubutun mutum zuwa lambobin da inji ke bi. Biyu ne ake gina Linux da su: GCC, wadda Richard Stallman ya fara fitarwa a 1987, da Clang ta aikin LLVM, wanda Chris Lattner ya fara a Jami'ar Illinois ta Amurka.

Kwamfaila ba fassara kawai take yi ba. Takan zana taswirar duk hanyoyin da umarni zai iya bi, daga farkon aiki zuwa ƙarshensa, ta duba ko akwai wurin da babu hanyar da ke kai wa gare shi. In ta samu, sai ta tsallake shi. Frances Allen ta kamfanin IBM ce ta aza harsashin wannan bincike a rubuce-rubucenta na wajen 1970, kuma ita ce mace ta farko da ta samu lambar yabo ta Turing, ta shekarar 2006. In mai rubutu ya ce "idan sifili gaskiya ne, yi kaza", kwamfaila ta san sharaɗin ba zai taɓa cika ba, don haka ba za ta ɓata ko bait ɗaya a kansa ba.

Amma tana da iyaka, kuma iyakar ta lissafi ce. Tun 1936 Alan Turing ya tabbatar da cewa babu wata hanya guda da za ta iya faɗa, game da kowace manhaja, ko za ta tsaya ko za ta yi ta gudu har abada. Daga nan ya biyo cewa babu kwamfailar da za ta iya gano duk matattun layuka ita kaɗai. Wanda ta tabbatar ta cire, wanda take shakka ta bari. Ga kanel kuma abin ya fi tsanani. Yana da sassan da aka rubuta da harshen inji kai tsaye, waɗanda kwamfaila ba ta leƙa cikinsu. Yana da ayyukan da ƙarfe ne ke kiransu, ba wani layin rubutu ba. Yana da direbobin da sai bayan na'ura ta tashi ake ɗora su. Kwamfaila ba ta da hanyar sanin waɗannan sai an gaya mata. A nan ne taimakon ɗan'adam ya shigo.

Ɓoyewa ko nunawa

Tsohuwar dabara ita ce ɓoyewa. Harshen C yana da wani matakin share fage da ke gudana kafin kwamfaila ta fara karatu. Mai rubutu zai kewaye layukansa da alamar #ifdef, in ba a kunna zaɓin ba sai a goge su tun kafin su isa gabanta. An cimma buƙata ta fuska ɗaya, domin layukan ba su shiga inji ba. Ta ɗaya fuskar kuwa an haifi sabuwar cuta. Layin da kwamfaila ba ta gani ba, ba ta duba shi ba. Wani zai canja sunan wani aiki a wani fayil, ya gina kanel ɗinsa lafiya lau, bai san ya karya layukan da ke ɓoye ba. Sai bayan watanni, ko shekaru, wani mai ƙera na'ura a wata ƙasa ya kunna zaɓin, ginin ya rushe a hannunsa. Da zaɓuɓɓuka sama da dubu 10, babu mai iya gwada duk yadda za su haɗu.

A 2011, a fitowar 3.1, Michal Marek ya shigar da wata 'yar dabara mai suna IS_ENABLED. Tana juya kowane zaɓi zuwa 1 ko 0 a cikin rubutun kansa. Maimakon a goge layukan, sai a bar su a fili ƙarƙashin sharaɗi na yau da kullum. Kwamfaila za ta karanta su, ta duba nahawunsu, ta tabbatar sunayen da suka ambata suna nan, sannan ta ga sharaɗin sifili ne, ta zubar da su. Na'ura ba ta ɗauki ƙarin kaya ba, rubutun kuma bai ruɓe a ɓoye ba. Takardar ƙa'idojin rubutu ta kanel a yau wannan hanya take umarni da a bi duk inda zai yiwu.

Misali mafi kyau shi ne na barcin na'ura. Yawancin direbobi suna da ayyuka biyu, ɗaya na kwantar da na'ura don tanadin batir, ɗaya na tashinta. Waya na buƙatarsu. Akwatin da ke manne a bangon masana'anta, yana aiki dare da rana, sau da yawa ba ya buƙata. Shekaru ana kewaye waɗannan ayyuka da #ifdef, ana samun kurakurai iri ɗaya a kai a kai. A 2020 Paul Cercueil, mai kula da direbobin ƙananan na'urori masu guntun Ingenic, ya kawo pm_ptr. In an kunna tsarin barci, tana nuna inda ayyukan suke. In an kashe, tana nuna babu. Kwamfaila na ganin babu mai kiran ayyukan, sai ta yar da su da kanta, bayan ta riga ta duba lafiyarsu. Tun daga lokacin ake bin direbobi ɗaya bayan ɗaya ana juya su zuwa wannan tsari.

Kanel ya dogara da wannan shara har ya mayar da ita mai gadi. Akwai alamar BUILD_BUG da mai rubutu ke ajiyewa a wurin da ya yi imani ba za a taɓa isa ba. In kwamfaila ta yarda da shi ta cire wurin, ginin ya wuce. In ta kasa cirewa, ginin ya tsaya nan take da saƙon kuskure. An kama matsalar a kan teburin injiniya ke nan, tun kafin na'ura ta shiga kwantena. Wannan na cikin dalilan da suka sa ba a iya gina Linux idan aka kashe dabarun gyaran kwamfaila gaba ɗaya.

Shara ta biyu

Kwamfaila fayil ɗaya take kallo a lokaci guda. In aiki yana buɗe ga sauran fayiloli, ba ta da ikon cire shi, domin ba ta san ko wani na kiransa daga can ba. Mai wannan sani ita ce linka, manhajar da ke ɗinke dubban gutsattsarin da aka fassara su zama kanel guda. A 2016 Nicholas Piggin ya shigar da zaɓin da ke sa kowane aiki a ɗakinsa daban, domin linka ta bi daga ƙofar shiga, ta riƙe duk ɗakin da ake kai wa gare shi, ta watsar da saura.

A wannan shekarar kuma Nicolas Pitre ya warware wani ƙulli. Kanel yana da dogon jerin ayyukan da yake buɗe wa direbobin da za a ɗora daga baya. Kasancewar suna a jerin kawai ya isa ya hana a cire aiki, ko da babu direba ɗaya a na'urar da ke buƙatarsa. Gyaran Pitre yana duba direbobin da aka zaɓa a zahiri, ya goge sauran sunaye daga jerin, sai linka ta samu damar yin aikinta. A 2021, a fitowar 5.12, aikin Sami Tolvanen na Google ya ba Clang damar kallon kanel gaba ɗaya a lokacin ɗinki, ba fayil-fayil ba.

Akwai kuma rubutun da ke da rai na ɗan lokaci. Ayyukan da ke shirya na'ura lokacin tashi sau ɗaya ake buƙatarsu. Ana yi musu alamar __init, da zarar na'ura ta gama tashi kanel ya kwashe su ya mayar da wurinsu ga sauran ayyuka. Wani lokaci kuma mutane ne ke sharar da hannunsu. A 2018, a fitowar 4.17, Arnd Bergmann ya jagoranci cire tallafin nau'o'in na'ura takwas da aka daina amfani da su, layi wajen rabin miliyan suka tafi a zagaye guda.

Inda wuƙa ke zarcewa

Majeman Kano sun san cewa kankare fata aiki ne mai gefe biyu: ka bar tsoka ta ruɓar da ita, ka zurfafa wuƙa ka huda ta, darajarta ta faɗi. Haka cire layuka yake. Kwamfaila tana aiki da abin da rubutu ya nuna mata, kuma tana ɗaukar kowace magana da gaske.

A watan Yulin 2009 aka ga wannan ƙarara a fitowar 2.6.30. A cikin direban TUN, wanda manhajojin VPN ke amfani da shi, wani layi ya yi amfani da adireshin ƙwaƙwalwa, sannan layin da ke bayansa ya duba ko adireshin fanko ne. Tsarin ya juye, domin dubawa ya kamata ta riga amfani. GCC ta yi lissafinta: tunda an riga an yi amfani da adireshin, ba zai zama fanko ba, don haka dubawar ba ta da amfani. Ta cire ta. Mai binciken tsaro Brad Spengler ya nuna yadda za a bi ta wannan rami a ƙwace iko da na'ura gaba ɗaya. Wanda ya karanta rubutun zai ga mai gadi a tsaye, a cikin injin kuwa babu shi. Tun daga nan ake gina kanel da umarnin da ya hana kwamfaila cire irin wannan dubawa.

Irin haka ta faru da goge sirri. Bayan an gama amfani da mabuɗin ɓoye bayanai, mai rubutu yakan cika wurin da sifili don kada wani ya tsinta. Kwamfaila na ganin babu mai sake karanta wurin, sai ta ɗauki gogewar a matsayin aikin banza, ta cire. Mabuɗin ya zauna a ƙwaƙwalwa. A 2014 aka shigar da memzero_explicit, aikin da aka tsara shi yadda kwamfaila ba za ta taɓa shi ba.

Mafi kaifin kayan aikin shi ne alamar da ke ce wa kwamfaila "nan ba za a taɓa zuwa ba", wadda GCC ta samu a fitowarta ta 4.5 a 2010. Alkawari ne mai rubutu ya ɗauka. In gaskiya ya faɗa, an rage kaya. In ya yi kuskure, inji zai zarce cikin duk abin da ke gaba a ƙwaƙwalwa, domin kwamfaila ba ta ajiye komai a wurin ba. Saboda irin wannan haɗari ne objtool, wadda Josh Poimboeuf ya shigar a 2016, take bin kanel bayan an fassara shi, umarni bayan umarni, tana gargaɗi in ta ga wurin da babu hanyar zuwa gare shi ko aikin da ya zarce iyakarsa. Darasin duk waɗannan guda ne: taimakon kwamfaila gaya mata gaskiya ne, cikakkiya, a inda za ta gani.

Mataccen rubutu ba ya kwanciya lafiya

Mai masana'anta zai iya cewa, layin da ba a bi ta kansa me zai yi mini? Tarihi ya ba da amsa. A ƙarshen Yulin 2012 kamfanin hada-hadar hannun jari na Knight Capital a Amurka ya sabunta manhajarsa, aka manta da ɗaya daga cikin kwamfutocinsa takwas. A cikinta akwai wani tsohon aiki da aka daina amfani da shi shekaru da suka wuce amma ba a cire ba. Ranar 1 ga Agusta sabon umarni ya tashe shi. Cikin minti 45 kamfanin ya yi asarar sama da dala miliyan 400. A Fabrairun 2014 kuma aka gano cewa layi ɗaya da aka maimaita bisa kuskure a manhajar tsaro ta Apple ya sa ana tsallake matakin tabbatar da sa hannun shafukan intanet. Matakin yana nan a rubuce, amma babu hanyar isa gare shi. Kayan aikin da ke gargaɗi kan layukan da ba a kai wa gare su za su iya nuna wannan tun ranar farko.

A cikin kanel haɗarin ya ninka. Masu kutse sun daɗe da ƙwarewa wajen tsintar gutsattsarin umarni da ke cikin na'ura, su jera su yadda suke so, su gina harinsu da kayan mai gida. Gutsuren da ke cikin aikin da ba a kira ma yana yi musu amfani, muddin yana cikin ƙwaƙwalwa. Akwai kuma sassan da mai na'ura ba ya amfani da su amma ɓarawo na iya tashinsu. A 2017 Andrey Konovalov ya gano rami a DCCP, wata hanyar sadarwa da kusan babu mai amfani da ita, ramin da ya shafe fiye da shekara 10 yana nan, kuma yana ba da cikakken iko da na'ura. Wanda bai gina DCCP cikin kanel ɗinsa ba, abin bai shafe shi ba. Tun Fabrairun 2024, da masu kula da kanel suka karɓi ikon ba kurakuran tsaro lamba da kansu, ana sanar da dubbai a shekara, kuma tambayar farko ga kowane injiniya ita ce ko wannan ɓangare yana cikin abin da ya gina. Ƙaramin kanel yana rage yawan amsar "eh".

Masana'antun da rai ke hannunsu sun riga sun mayar da wannan doka. Ƙa'idojin MISRA C, waɗanda masu ƙera motoci suka fara a Ingila a 1998, sun haramta barin layin da ba a isa gare shi. Ƙa'idojin manhajar jiragen sama ma suna buƙatar a cire mataccen rubutu.

Abin da ya shafi Kano

Bompai ce mafi tsufa cikin unguwannin masana'antu ukun, Sharaɗa ta bazu kashi uku, Challawa kuma ta zama matattarar kamfanonin jima a gefen kogin da ta ci sunansa. Su ne suka sa Kano ta zama cibiyar masana'antu ta biyu bayan Legas, kafin matsalar wuta da tsadar kaya da shigowar kayan waje su rufe da yawa, musamman masaƙu. Waɗanda suka rage sun rayu ne da iya tattali. Ana sayen inji na hannu daga Turai ko Asiya, ana riƙe shi shekara 20 ko fiye, ana ƙera masa kayan gyara a gida in ya lalace.

Ƙarfe yana jure wannan. Manhaja ba ta jurewa sai da kulawa. A 2023 aka sanar cewa kanel masu dogon zango za su koma samun gyara na shekara biyu a ƙa'ida maimakon shida. Domin irin wannan giɓi ne kamfanoni kamar Siemens da Hitachi da Toshiba suka kafa shirin CIP a 2016 ƙarƙashin Gidauniyar Linux, don riƙe wasu fitowa na aƙalla shekara 10 saboda jiragen ƙasa, tashoshin wuta da masana'antu. Ko su ma ba duk kanel suka ɗauki nauyi ba, sai sassan da mambobinsu ke amfani da su. Riƙe abu shekaru masu yawa yana yiwuwa ne idan an san iyakar abin da ake riƙewa.

Kanawa sun ɗanɗana abin da tsufan manhaja ke nufi. Kafin 24 ga Nuwamban 2024 sai da masu mitar kati, har da abokan cinikin KEDCO, suka shigar da lambobin sabuntawa, domin maƙirgin da ke cikin mitocin, wanda ke lissafa mintoci tun daga 1993, ya kusa cika. Wannan an san ranarsa tun da wuri. Ramin da ke cikin akwatin kyamara ko rautar ofis ba ya ba da sanarwa. A 2016 manhajar ɓarna ta Mirai ta kame dubban ɗaruruwan irin waɗannan na'urori a faɗin duniya, masu su ba su sani ba.

Ga kuma wuta. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar rukunin A zuwa naira 225 kan kowane yunit, a Oktoban shekarar kuma yawancin Arewa, har da Kano, ta shafe fiye da mako guda cikin duhu saboda lalacewar manyan layuka. Inda ake yawo tsakanin wutar gwamnati da janareto da sola, na'urori suna mutuwa suna tashi sau da yawa a rana. Kanel da ba ya ɓata lokaci wajen lodawa da neman kayan da babu su yana tashi da wuri. Wannan ba zai kawo wuta ba, ba zai rage kuɗin dizal ba. Amma yana cikin ƙananan abubuwan da ke hannunmu, kuma ba ya buƙatar ko dala ɗaya.

Abin yi

Na farko yana kan masu masana'antu. Lasisin GPL da Linux ke ƙarƙashinsa ya wajabta wa duk wanda ya sayar da na'ura mai ɗauke da kanel ya ba mai saye asalin rubutun, ko ya ba shi rubutaccen alkawarin bayarwa mai aiki na aƙalla shekara uku. Haƙƙi ne, ba alfarma ba. Duk mai sayen sabon inji mai kwamfuta a ciki ya tambayi dillali abu uku kafin ya biya: wace fitowar kanel ce a ciki, ina rubutunta da fayil ɗin zaɓuɓɓukanta, kuma har zuwa wace shekara za a riƙa turo gyara. Ƙungiyar masu masana'antu ta MAN na iya mayar da waɗannan tambayoyi ƙa'idar saye ga mambobinta na Kano.

Na biyu yana kan makarantu. Jami'ar Bayero, da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil, da Kwalejin Fasaha ta Jihar Kano, suna yaye ɗaliban kwamfuta da na injiniyan lantarki kowace shekara. Kayan koyon wannan fanni kyauta ne. Ɗalibi mai tsohuwar laftof zai iya sauke kanel, ya gina mafi ƙanƙantarsa da umarnin tinyconfig, ya kunna zaɓi ɗaya ya auna abin da ya ƙaru da bloat-o-meter, 'yar manhajar da ke cikin kanel ɗin kansa. Zai iya samun direban da har yanzu ke ɓoye layukansa, ya gyara, ya aika wa masu kula da shi. Da yawa daga cikin manyan masu rubuta kanel da irin wannan ƙaramin gyara suka fara. Malamai su sa wannan cikin ayyukan kammala karatu, hukumar NITDA da shirin 3MTT su ware masa gurbi kusa da koyon gina shafukan intanet.

Na uku yana kan matasan Farm Centre da titin Beirut, waɗanda ke buɗe waya su canja mata guntu da hannunsu, su sake ɗora mata manhaja. Rabin hanyar sun riga sun yi. Abin da ya rage shi ne su wuce ɗora abin da wani ya gina, su koyi gina shi.

Garin da ya iya riƙe injin shekara 30 da basirar makanikansa zai iya riƙe manhajar da ke cikinsa, in ya samar da masu karanta ta. Masu masana'antu su nemi rubutun, jami'o'i su horar da masu duba shi, kuma a ɗauki waɗannan matasa aiki a Sharaɗa da Challawa da Bompai kafin wata ƙasa ta riga mu ɗaukarsu.